Yadda na shiga gwajin maganin silosaibin a Texas, tun daga ofishin likita har ranar shan kafso

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da labari ya fita cewa na shiga gwajin maganin silosaibin saƙonni basu daina shigo min ba, wasu don kansu suke tambaya wasu don ƙani ko miji ko mahaifiya, kuma kusan duk tambayar iri ɗaya ce, wai ance jiha ta halatta shi, toh ina ake zuwa a karɓa kuma nawa ne. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta komai daki-daki yadda ya faru dani don kada wani ya sha yawon da na sha. Ni dai ba likita bace, aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu a nan Houston, 'yar Kaduna ce ni, kuma na daɗe ina fama da ciwon damuwa, irin wanda mutum zai tashi da asuba yayi sallah ya koma ya zauna bakin gado yana kallon bango, yara na kira yana jinsu amma tashin ya gagara, abinci ba ɗanɗano, bacci baya zuwa, kuma babu wani abu guda da zaka nuna kace shi ne ya jawo.

Ga wanda bai sani ba, silosaibin sinadari ne da ake samu a jikin wasu nau'in laimar kwaɗi, idan ya shiga jiki yana juya yadda mutum yake gani da ji da tunani na wasu awanni, wato yana sa maye, wannan ba abin ɓoyewa bane. Tun 1970 gwamnatin tarayyar Amurka ta saka shi a rukunin farko na haramtattun ƙwayoyi, layi ɗaya da hiroyin. Daga baya masu bincike a jami'o'i irin su Johns Hopkins suka dawo kansa, suka ga alamar yana taimaka wa masu tsananin damuwa idan an bayar dashi ƙarƙashin kulawa, har hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta bashi wani matsayi na musamman a 2018 da 2019 don a hanzarta binciken. A 2021 majalisar jihar Texas ta amince da wani ƙuduri mai lamba HB 1802, ɗan majalisa Alex Dominguez ne ya kawo shi, tsohon gwamna Rick Perry ya fito fili ya mara masa baya, shi kuma gwamna Greg Abbott ya barshi ya zama doka ba tare da ya sa hannu ba. Kanun labarai suka cika waya, kowa na tura wa kowa, ni ma wata ƙawata 'yar Ghana da muke aiki tare ce ta turo min tace "ke ga maganinki nan an halatta".

Da hoton labarin a wayata na je wajen likitar ƙwaƙwalwa da take dubani. Na nuna mata nace likita ki rubuta min wannan in gwada tunda na gaji da waɗanda nake sha. Matar nan ta ajiye biro ta juyo da kujerarta tayi min bayani a nutse, tace dokar ba abinda ta ce illa hukumar lafiya ta jiha ta haɗa kai da kwalejin koyon aikin likita ta Baylor da asibitin tsofaffin sojoji a yi gwaji a kan tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi da ciwon firgici, shikenan. Bata ba likita damar rubuta wa kowa ba, bata ba kemis damar sayarwa ba, kuma hukuncin yana nan daram, a Texas ko ƙasa da giram ɗaya aka kama ka dashi babban laifi ne da zai iya kai ka gidan yari daga kwana 180 har shekara 2. Wallahi jikina yayi sanyi a wajen, don na riga na ɗora rai. Amma sai tace akwai wata hanya, akwai gwaje-gwajen da kamfanoni da jami'o'i suke yi da izinin tarayya ga masu damuwar da taƙi jin magani, wato wanda ya sha aƙalla magani iri biyu yadda ya kamata, da cikakken awo da isasshen lokaci, bai ga sauƙi ba. Ta duba fayil ɗina tace na cika wannan sharaɗin, na sha sertraline na sha escitalopram an ƙara min bupropion duk dai sai a hankali. Ta rubuta min sunan shafin ClinicalTrials.gov a takarda, sannan ta riƙe hannuna tace in yi mata alkawari ba zan daina shan maganina da kaina ba har sai an ce in daina.

Shafin na gwamnati ne kuma kyauta ne, zaka rubuta sunan ciwon da sunan maganin da garin da kake, sai ka zaɓi waɗanda suke ɗaukar mutane a yanzu, don da yawa a ciki sun rufe ko basu fara ba. Kowane gwaji akwai jerin waɗanda ake so da waɗanda ba'a so, a ƙasa kuma akwai imel ko lambar waya. Na tura imel wurare da dama har da wasu garuruwan da zan iya tuƙi in je, mafi yawa shiru kake ji, wata cibiya ta amso da cewa layinsu ya cika, wata ta sa ni cika fom mai tsawo a intanet daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba. Wannan jiran shi ne mutane basa faɗa, watanni ne ba makonni ba, kuma mai ciwon damuwa dama ƙaramin abu ke karya masa gwiwa, duk shirun da aka yi min sai in ji kamar ni ce ba'a so. Maigidana ne ya karɓi aikin duba imel ɗin daga hannuna, yace ke dai ki ci gaba da shan maganinki da addu'a, ni zan riƙa bibiya.

A cikin jiran ne aka fara bani shawarar in tafi jihar Oregon kawai. Gaskiya ne a can masu zaɓe sun amince da wata doka a 2020, aka buɗe cibiyoyi a 2023, duk wanda ya kai shekara 21 zai iya zuwa ya biya ya sha a gaban mai lasisi, ba sai da takardar likita ba, kuɗin kuma yakan kama daga dala 1,000 zuwa 3,000 wani wajen ma ya wuce, inshora bata biya, ga kuɗin jirgi ga otal. Kafin in yi wani motsi sai na kira lauyan da ya yi mana aikin girin kad, kuma dan Allah duk wanda bai zama ɗan ƙasa ba ya karanta nan da kyau. Yace Hajiya dokar jiha bata shafi shige da fice ba, su dokar tarayya suke bi, ya tuna min yadda hukumar shige da fice ta fitar da sanarwa a 2019 a kan wiwi cewa ko a jihar da ta halatta ne, mu'amala da ita na iya hana mutum samun zama ɗan ƙasa. Yace cibiyar Oregon halal ce a idon Oregon kaɗai, amma gwajin da FDA ta amince dashi kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta DEA ta ba masu binciken lasisi, wannan yana kan dokar tarayya, in na shiga in ajiye kwafin takardar amincewar da na sa wa hannu. Kuɗin ganinsa na ɗan lokacin nan ya min zafi amma ban taɓa jin haushin biyansu ba.

Sai maganar addini, wadda ita ce ta fi hana ni sukuni. Mu da muka taso muna ganin yadda tiramol da kodin suka lalata samari da matan aure a unguwanninmu, ace yau ni ce zan je in haɗiyi abinda zai gusar min da hankali da gangan. Maigidana ya raka ni wajen malamin da muke yarda dashi bayan sallar la'asar, na faɗa masa komai ban rage ba, har da cewa abin yana sa maye. Malam ya yi shiru ya jima, sannan ya yi min tambayoyi, ko akwai wani maganin halal da ban gwada ba, ko likitoci masana ne zasu bayar da awo, ko don jin daɗi nake so. Yace malamai sun yi magana a kan gusar da hankali don magani irin allurar bacci ta tiyata, kuma lalura tana da hukuncinta gwargwadon buƙata, amma shi ba zai ce min wannan ya zama halal ga kowa ba, nawa yanayin yake dubawa, in yi istihara, kuma ranar kada in tayar da sallah sai hankalina ya dawo tas na san abinda nake faɗa. Ban kawo wannan a matsayin fatawa ba, kowa ya je ya tambayi malaminsa da bakinsa, kuma ya faɗi gaskiyar abin kada ya ce magani ne kawai ya yi shiru.

Ana nan wata rana da hantsi ina wajen aiki sai ga kira daga wata cibiyar bincike. Kodinetar gwajin ce, ta yi min tambayoyi kusan awa guda a waya, shekaruna, magungunan da na sha da awonsu, ko na taɓa yunƙurin kashe kaina, ko ina da hawan jini ko ciwon zuciya ko farfaɗiya, ko ina da ciki ko shayarwa, ko ina shan giya ko wani abu. Ta tambaya musamman ko ina shan lithium, wani maganin ciwon ƙwaƙwalwa, don haɗa shi da silosaibin na iya jawo jijjiga. Daga nan tace in haɗo takardu, katin shaida mai hoto, wasiƙa daga likitata, da tarihin magungunana daga kemis wanda ya nuna ranar da na karɓi kowanne da yawansa. Wannan na ƙarshen ku nema tun wuri, kowane kemis na iya buga muku shi kyauta idan kun tambaya, ni wurare biyu na bi don mun taɓa sauya unguwa. Maganin da na sha a gida kafin in zo, amitriptyline ne da wani mai kemis ya riƙa bani ba takarda ba komai, shi basu lissafa shi ba sam, sun dai rubuta cewa na faɗa.

Ranar tantancewa kusan yini guda na yi a can. Abu na farko takardar amincewa ce, shafuka masu yawa da Turanci, likitan binciken ya zauna muka bi ta sashe-sashe, ya nanata min cewa wannan bincike ne ba jinya ba, babu tabbacin zan samu sauƙi, zan iya fita duk lokacin da na ga dama, kuma kwamfuta ce zata zaɓi rukunin da zan faɗa, ko cikakken awo ko ɗan kaɗan wanda bai kai ya yi aiki ba, ni ba zan sani ba su ma ba zasu sani ba. Na tambaye shi sakamakon da aka samu a baya, bai yi min kwana-kwana ba, yace a babban gwajin da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 2022 mai mutum 233, waɗanda suka sha miligiram 25 kusan kashi 29 cikin ɗari ne damuwar ta lafa musu bayan mako uku, waɗanda suka sha miligiram 1 kuma kusan kashi 8, sannan da aka kai mako 12 adadin masu sauƙin ya ragu, kuma da yawa sun yi ciwon kai da tashin zuciya da jiri, wasu ma tunanin kashe kai ya taso musu. Nace toh ashe ba kowa yake wa aiki ba, yace ai shi yasa ake gwajin. Bayan na sa hannu aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari don gwajin ƙwaya da na ciki, aka manna min wayoyi a ƙirji aka auna bugun zuciya, aka auna hawan jini sau da yawa. Na roƙi mace ta yi min na ƙirjin aka kuwa kawo nas mace ba musu.

Inda na tsaya cak shi ne da aka zo tarihin dangi. Likitan yace ko a cikin iyayena ko 'yan uwana na jini akwai wanda ya taɓa samun taɓin hankali, irin mai jin muryoyi ko ganin abinda babu, ko mai ciwon da zai hau sama ya kwana ba bacci yana surutu da ɓarnar kuɗi sannan ya faɗo ƙasa warwas. Yace wannan tambayar ba wasa bace, ga mai irin wannan gadon silosaibin na iya tayar da ciwon da ke kwance kuma ba lallai ya koma ba. Nan take na tuna kawuna ƙanin Umma wanda muna yara ake cewa aljanu ne suka shafe shi, ana ta ruƙiyya da hayaƙi, wani lokacin a kulle shi a ɗakin zaure. Nace a bani lokaci in tambayo gida. Da daddare na kira Umma, bayan gaisuwa nace Umma wai ciwon Kawu ainihi menene, an taɓa kai shi asibiti. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, can tace "me ya kawo wannan maganar yanzu, wani ne ya ce miki wani abu a kan gidanmu". Nace a'a Umma likita ne yake tambaya saboda maganin da za'a bani. Ta ja numfashi tace an taɓa kwantar dashi a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, an bashi magani ya samu sauƙi sosai har ya koma kasuwa, da ya daina sha abin ya dawo, ta ƙara da cewa "amma ke kada ki faɗa wa dangin mijinki". A ranar na fara jin wannan labarin a rayuwata. Na koma na faɗa wa likitan yadda yake, suka zauna suka duba ƙa'idar gwajin, tasu ta tsaya ne a kan uwa da uba da waɗanda kuke ciki ɗaya da 'ya'ya, kawu bai shiga ba, amma sun ƙara min doguwar hira da wani likitan kafin su amince. Akwai gwajin da ko kawu ko gwaggo ne ke da ciwon yake hana mutum shiga, don haka kowanne da nasa.

Bayan an karɓe ni sai aka zo kan janye maganin da nake sha, don irin waɗannan magungunan suna dakushe aikin silosaibin. Likitan binciken da likitata suka yi waya suka tsara yadda za'a riƙa rage awon a hankali, sannan in zauna aƙalla mako biyu ba komai a jikina kafin ranar. Wallahi a duk tafiyar nan babu inda na sha wuya irin nan. Jiri, gumi da daddare, wata irin fizgar lantarki a cikin kai idan na juya ido, saurin fushi, kuka ba dalili, na daka wa autana tsawa a kan kofin shayi har yaron ya ɓuya bayan kujera. Suna kirana kowane mako, sun bani lambar likitan da zan iya kira ko tsakar dare ne, sun kuma sa na ajiye 988 a waya, lambar gaggawa ta masu tunanin kashe kansu. Akwai daren da na kira likitan ina kuka nace a mayar dani kan maganina na fasa, bai lallashe ni in zauna ba, yace zaɓina ne, ya yi min tambayoyi ya tabbatar ba zan cutar da kaina ba, muka yi da safe zan zo a duba ni. Da gari ya waye na ji dama-dama nace mu ci gaba. Duk wanda ke zaune shi kaɗai ba mai kwana dashi a gida, ina ganin ya yi tunani sosai kafin ya shiga wannan matakin.

A cikin makonnin ne na riƙa zama da mutum biyun da zasu zauna dani ranar, masu ba da shawara ne da aka horar don wannan aikin. Tun farko nace ni mata nake so duka biyun, an ɗan jinkirta ranar saboda haka amma an samo. Suka nuna min ɗakin, ba irin ɗakin asibiti bane, doguwar kujera ce da bargo da fitila mara haske sosai da kyamara a sama wadda dama na sa hannu na yarda da ita. Suka koya min jan numfashi idan tsoro ya zo, suka ce duk abinda ya taso kada in gudu in tsaya in kalle shi. Muka yi yarjejeniya a kan taɓawa, nace hannu kawai kuma sai na miƙa. Nace hijabina zai zauna a jikina, suka ce ba matsala. Kiɗan da ake sawa a kunne na tambaya ko za'a sauya min da karatun Alƙur'ani, suka ce jerin sautin ɗaya ne ga kowa saboda binciken, amma ina da damar cire abin kunnen duk sanda na so.

Ranar da kanta na ci ɗan abu mara nauyi da sassafe, maigidana ya kai ni, aka sake gwajin fitsari da hawan jini, wajen ƙarfe tara aka kawo kafso da kofin ruwa. Nayi bismillah na haɗiye, na kwanta aka rufe min ido. Kusan rabin awa ba komai har na fara cewa a raina toh ƙaramin aka bani, sai sanyi ya kama ni, zuciyata ta tashi, jikina ya yi nauyi, launuka suka fara yawo a cikin duhun. Tsoro ya zo min mai tsanani, na ji kamar mutuwa ce ta zo, na riƙa maimaita innalillahi da hasbunallahu, na miƙa hannu ɗaya daga cikinsu ta riƙe tace ina nan, ja numfashi. Daga nan sai na ganni a zauren gidanmu, ga tabarmar Baba ga butarsa ga carbinsa a rataye a ƙusa, har ƙamshin turarensa na ji. Baba ya rasu lokacin takarduna basu fito ba, ban samu zuwa jana'iza ba ban samu zaman makoki ba, washegarin rasuwar ma aiki na tafi, kuma tun daga lokacin ban taɓa zama na yi masa kuka yadda ya kamata ba. A ɗakin nan na yi shi, kuka mai sauti har majina, na nemi gafararsa na yi masa addu'a, matan nan basu ce min uffan ba sai tishu da suke miƙo min. Nas na shigowa lokaci-lokaci tana auna jinina, ya hau kaɗan ya sauka. Wajen la'asar abin ya sake ni, likita ya yi min tambayoyi ya tabbatar na dawo daidai, na yi alwala na rama azahar na yi la'asar a nan ɗakin, sannan suka miƙa ni hannun maigidana don basa barin mutum ya tuƙa ko ya tafi shi kaɗai.

Washegari na tashi da ciwon kai da gajiya, na koma muka zauna da matan muka tattauna abinda na gani. Daga nan sai bibiya, wani zuwa da ƙafa wani ta waya, akwai wani mai tambayoyi daban wanda bai san komai a kan ranar ba, aikinsa kawai ya auna damuwar da maki, bacci, cin abinci, baƙin ciki, tunanin mutuwa, kuma an hana ni bashi labarin abinda na ji. A makonnin farko na ji kamar an sauke min tulun ruwa daga ka bayan doguwar tafiya, na dafa tuwo da miyar kuka da kaina na ci na ji daɗinsa, na kira 'yan uwan da na daɗe ina gudun wayarsu. Bayan wasu watanni wani ɓangare na nauyin ya dawo, bai kai na da ba amma ya dawo, muka zauna da likitocin aka mayar dani kan magani guda ɗaya da ƙaramin awo, ina kuma zuwa ganin mai ba da shawara har yanzu. Awon da aka bani a hukumance ban sani ba sai an kammala binciken gaba ɗaya, kuma gwajin ya ƙare min, ba zan iya komawa in ce a ƙara min ba ko da kuɗina.

Maganar kuɗi, ban biya ko sisi ba na magani ko gwajin jini ko ganin likitocinsu, inshorata ma basu taɓa ba, suna ma sa ɗan abu a kati duk zuwa na mai da fakin. Amma ranakun aikin da na rasa ba mai biyana, mu masu aikin awa in baka je ba babu, maigidana ma ya ajiye nasa aikin ranar shan maganin da washegari, ga mai zama da yara ga lauya. Ku lissafa wannan tun kafin ku sa hannu, ku nemi jadawalin zuwa gaba ɗaya a rubuce ku kai wa mai tsara muku aiki.

Abinda zan ce wa masu tambayata, in kun ji ance jiha kaza ta yi doka ku nemi sanin me dokar ta buɗe kuma wa ta buɗe wa, don ba iri ɗaya bane. Ta Texas bincike ne a kan tsofaffin sojoji, jihar Washington a 2023 ta ɗora wa jami'ar Washington shirin gwaji na tsofaffin sojoji da ma'aikatan agajin gaggawa, Arizona a shekarar ta ware dala miliyan 5 don bincike, Colorado ta bi sahun Oregon da ƙuri'ar 2022, New Mexico kuma a 2025 ta yi dokar amfani dashi a hannun likitoci. Kada ku ɓoye ciwon wani a dangi don a ɗauke ku, ko a gida aljanu ake ce masa ko sammu, ku kwatanta wa likita yadda mutumin yake yi shi zai gane, kunyar minti biyar bata kai haukan da ba'a san ƙarshensa ba. Kada ku daina magani da kanku don ku shirya, kuma kada ku sayi abin a hannun masu talla a Instagram ko Telegram, baku san me ke ciki ba baku san awonsa ba, kuma abinda ya riƙe ni a awannin tsoron nan mutanen da ke gefena ne da likita a bakin ƙofa. 'Yan uwa na gida Najeriya da Nijar da suke cewa in turo musu ko in sa a kaya, dan girman Allah ku bar wannan maganar, haramtacce ne a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kuma ɗauri ne ga mai turowa da mai karɓa. Mai fama da damuwa a gida ya fara da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa ko asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri, a rubuta masa magani a takarda da suna da awo da kwanan wata, ya kuma adana takardun, don ko gwaji ya zo kusa daku wata rana su za'a fara tambaya.